Malamar da ta canza bayan shekara 19 a aji: amsa ga wani shugaban makaranta a Aboabo kan ɗaukewar al'ada

Wani shugaban makarantar firamare mai zaman kanta a Aboabo, nan Kumasi, ya aiko da wannan tambaya: "Likita, muna da malama mai shekara 48 wadda ta yi shekara 19 tare da mu ba a taɓa kawo ƙararta ba. Tun bara ta fara makara, tana mance sunayen yara, tana fita daga aji jiƙe da gumi ko da a sanyin hunturu, kuma kwanan baya ta daka wa mahaifiyar wani yaro tsawa. Wasu malamai sun ce iska ce, wasu sun ce ta gaji da aikin, shi kuwa mai makaranta ya ce a sallame ta a ƙarshen shekara. Maiɗakina ta ce wataƙila al'adarta ce take ɗaukewa. Ni namiji ne, ba zan iya yi mata wannan tambaya ba. Mene ne gaskiyar wannan abu, kuma me ya kamata in yi?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin a rubuta takardar sallama. Hasashen maiɗakinka yana da tushe, domin shekarun malamar da alamomin da ka lissafa sun yi daidai da abin da nake gani kusan kullum a ɗakin duba mata. Sai dai kada ka ɗauki wannan amsa a matsayin hukunci a kan lafiyarta, domin wanda ya zauna da ita ya auna ta ne kaɗai zai iya yanke wannan. Abin da ke hannunka shi ne ka san yadda lamarin yake, ka gyara yanayin aiki, kuma ka buɗe mata hanyar zuwa asibiti ba tare da ka sa ta faɗa maka abin da take jin kunyar faɗa ba.

A wurin likitoci, ana cewa al'adar mace ta ɗauke ne idan ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali babu ciki, babu shayarwa, babu wani magani ko ciwo da ya tsayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga akasarin mata wannan yana faruwa tsakanin shekara 45 da 55. Idan ya zo kafin shekara 40, wannan wani al'amari ne dabam da ke buƙatar bincike da magani. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne wahalar takan fara shekaru kafin jinin ya tsaya, a lokacin da jakar ƙwan mace ta fara rage fitar da sinadarin istrojin, yau ya hau gobe ya sauka babu tsari. Mace tana iya ci gaba da ganin al'ada, wani wata ta zo da wuri, wani wata ta tsallake, wani lokaci kuma ta zo da yawa har ta ɓata mata tufafi a gaban mutane, saboda haka ba ta ma kawo wa ranta cewa abin da ke damunta yana da alaƙa da ɗaukewar al'ada.

Gumin da ka ambata yana da bayani. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke daidaita zafin jiki, kuma idan istrojin ya ragu sai wannan sashe ya riƙa ɗaukar ɗan ƙaramin ɗumi a matsayin zafi mai tsanani, ya buɗe jijiyoyin jini na fata, ya saki gumi. Mace sai ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa wuya da fuska, zuciyarta na bugawa, na minti 1 zuwa 5, daga nan kuma wani lokaci sanyi ya kama ta. Idan wannan ya tashe ta sau uku ko huɗu cikin dare har sai ta canza riga, sannan ta tashi da asuba ta ɗora ruwa, ta shirya yara, ta bi layin mota, to ka ga inda makara ta samo asali, ka ga kuma inda saurin fushi ya fito. Ko kai, Malam, idan aka hana ka barci na wata shida a jere, ba za ka amsa wa iyayen yara da murmushin da ka saba ba. Mantuwar ma sananniyar alama ce, kuma tana tsorata mata ƙwarai, musamman masu aikin da ke buƙatar riƙe sunaye da lissafi, domin sukan zaci gigin tsufa ne ya fara kama su. Ga yawancinsu abin yana lafawa bayan jiki ya daidaita. Akwai kuma ciwon gaɓoɓi, yawan fitsari, bushewar gaba da ke sa kwanciyar aure ta zama azaba, da damuwa ko kuka babu wani dalili a fili. Wasu mata suna wucewa ba tare da sun ji komai ba sai tsayawar jinin, shi ya sa za ka ji wata dattijuwa tana cewa ita ba ta san wannan shagwaɓa ba, alhali jiki ne ya bambanta.

Ba abu ne na wata ɗaya ko biyu ba. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka ana bin dubban mata shekara da shekaru, wanda aka fitar da wannan sashe na sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa matan da zafin jiki da gumin dare ke yawan damunsu sukan yi kimanin shekara 7 suna fama, baƙaƙen fata daga cikinsu kuwa kimanin shekara 10. Saboda haka duk wani tsari da za ka yi, kada ka gina shi a kan cewa za ta warke kafin hutun ƙarshen zango.

Ina so in daɗe a kan wata matsala da ta fi damuna a unguwanninmu na Zango. Mace ta ji zafin jiki da gumi da kasala da ciwon gaɓoɓi, sai ita da kowa a gidan su ce zazzaɓin sauro ne, a aiki yaro shagon magani ya sayo ƙwayoyi ba tare da gwaji ba. Bayan mako biyu abin ya dawo, sai a ce ai taifot ce, a sake sayen wani magani, daga nan a koma jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tashar mota da gidajen rediyo. Na ga matan da suka sha maganin zazzaɓi sau biyar ko shida cikin shekara guda, kuɗi sun ƙare, ciwo bai tafi ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsu yaushe suka ga al'ada ta ƙarshe. Wannan laifi har da mu ma'aikatan lafiya, domin a ranar da layi ya yi tsawo tambayar takan kuɓuce mana. Ta ɗaya gefen kuma akwai haɗari na biyu, wato a ɗora komai a kan ɗaukewar al'ada alhali wani ciwo ne ke ɓoye. Gumin dare tare da tari da rama yana iya zama tarin fuka. Bugun zuciya da zafi da rawar hannu suna iya fitowa daga ciwon tairod da ke maƙogwaro. Yawan fitsari da ƙishirwa alamar ciwon suga ce, kasala da jiri kuwa sau da yawa ƙarancin jini ne, musamman ga mace mai ƙari a mahaifa, wanda ya yi yawa a tsakanin matanmu baƙaƙe, mai sa zubar jini da yawa. Ga mace da ta haura shekara 45 mai alamomin da aka saba gani, likita ba ya buƙatar gwajin sinadarai masu tsada kafin ya gane ɗaukewar al'ada, amma zai auna hawan jini da suga da yawan jini, ya kuma saurari tarihinta.

Akwai magana guda da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya kai wa mahaifiyarsa da matarsa da yayyensa mata. Idan al'ada ta tsaya shekara guda cur sannan jini ya sake fitowa, ko da ɗigo ɗaya ne, al'ada ba ta dawo ba, kuma dole ne a je asibiti cikin gaggawa. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne, amma wannan ita ce alama ta farko ta sankarar mahaifa, tana kuma iya zama ta sankarar bakin mahaifa, kuma bambancin wadda ta zo da wuri da wadda ta jira shekara guda tana jin kunya bambanci ne na rai da mutuwa. A Kumasi ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, kamar na Manhyia, idan da buƙata a tura mace Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, a Accra kuwa akwai Korle Bu. Haka nan mace ta sani cewa tana iya ɗaukar ciki muddin al'adar tana zuwa tana tsallakewa. Ƙa'idar da ake bi ga mai tsarin iyali ita ce ta ci gaba har shekara 2 bayan jini na ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 idan ta haura.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Ka ce ba za ka iya tambayarta ba, kuma ina ganin ka yi daidai. A wasu ƙasashe ana koya wa shugabannin ma'aikata su zauna da mace su yi maganar a fili, amma a tarbiyyarmu idan shugaba namiji ya kira malama ofis ya tambaye ta batun jininta, zai iya jawo ta ajiye aikin da kanta don kunya, ko maganar ta kai kunnen mijinta ta zama wata fitina. Ka kira ta ka yi maganar aiki kawai. Ka ce mata, "Malama, shekara 19 muna tare kuma mun san ƙwazonki. Na lura kwanakin nan kamar jiki yana ba ki wahala. Ba sai kin faɗa mini mene ne ba, amma ki ɗauki rana ki ga likita, ba za a cire miki ko sisi ba, sannan ki gaya mini abin da za mu canza a aikinki don ki samu sauƙi." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ka bar ta ta zaɓa. Idan akwai babbar malama mai riƙe sirri, ka sanya ta zama wadda mata ke kai wa irin wannan buƙata, ita kuma ta kawo maka buƙatar ba tare da bayanin ciwon ba.

Gyare-gyaren ba su da tsada. A mayar da ita ajin da iska ke shiga ko a sa fanka, domin ajin da ke ƙarƙashin rufin kwano da ƙarfe ɗaya na rana yana wahalar da mai lafiya ma. A ajiye ruwan sha kusa. A tabbatar akwai banɗaki na malamai mata mai ƙofa da ruwa da wurin zubar da audugar mata, kuma a yi tsarin da malama za ta iya barin aji na minti biyar wata ta riƙe mata yara ba tare da ta nemi izini a gaban kowa ba. Idan makaranta ta tilasta wa malamai anko na yadin roba a wasu ranaku, a ba da damar sa atamfa ko wani yadi na auduga, haka ma hijabi mai kauri a bar ta ta sauya shi da mara nauyi. A duba jadawali, a ɗauke mata tsaron ƙofa na sassafe ko taron safe na ɗan lokaci, ta biya da wani aiki da rana. Don mantuwa kuwa, a riƙa ba da sanarwa a rubuce maimakon a faɗa a tsaye a bakin ƙofa. Shawarata ita ce ka yi waɗannan a matsayin tsarin makaranta ga kowa, domin fanka da ruwa da banɗaki mai kyau suna amfanar mai ciki da mai ciwon suga da budurwa mai ciwon mara, kuma ta haka babu wanda zai nuna ta da yatsa ya ce don ita aka yi. Batun tsawar da ta yi wa mahaifiyar yaro kuma kada a share shi. Ta ba da haƙuri kamar yadda kowane malami zai yi, domin uzuri yana rage hukunci amma ba ya goge haƙƙin wanda aka ɓata wa.

Shi kuwa mai makaranta, ka yi masa magana da harshen da zai ji. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun mako 12 aƙalla, ba ta ambaci ɗaukewar al'ada ba, amma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya samar da yanayin aiki mai kiyaye lafiya, ta kuma ɗauki korar ma'aikaci saboda jinsinsa ko saboda rashin lafiya na ɗan lokaci da likita ya tabbatar a matsayin kora ba bisa adalci ba, wadda ake iya kai ƙararta gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. A Birtaniya an riga an yi nisa, domin a Fabrairun 2024 hukumar kare daidaito ta ƙasar ta fitar da jagora cewa idan alamomin suka tsananta suka daɗe, ana iya lissafa su a matsayin nakasa a ƙarƙashin dokarsu ta 2010, kuma dole ma'aikata ta yi gyaran da ya dace. Mu ba mu kai nan ba. Amma ko ba doka, lissafin a fili yake: zai zubar da gogewar shekara 19 ya ɗauko sabon malami da wataƙila ba zai yi shekara biyu ba, don gudun kuɗin fanka. Ita kuma a shekara 48 saura mata shekara 12 ta kai 60, shekarun ritaya, kuma fanshon SSNIT, wato hukumar fansho ta ma'aikatan Ghana, yana ƙaruwa ne da yawan watannin da aka biya, saboda haka korarta yanzu tana rage mata abin da za ta ci a tsufa.

Akwai magani, kuma ya kamata mata su sani. Mafi tasiri ga zafin jiki da gumin dare shi ne mayar wa jiki sinadarin istrojin ta ƙwaya ko man shafawa ko manne a fata, a haɗa da wani sinadarin mai suna furojestaron idan mace tana da mahaifarta, don kare mahaifar daga sankara. A 2002 sakamakon wani babban bincike a Amurka kan haɗarin wannan magani ya tsorata duniya har mata da yawa suka daina sha, amma matan da aka yi binciken a kansu yawancinsu sun haura shekara 60, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga mace mai ƙasa da 60 wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Bai dace da kowa ba, musamman wadda ta taɓa yin sankarar nono, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, shi ya sa ba abin aiken yaro shago ba ne. Ga waɗannan akwai wasu magunguna marasa sinadarin. Bushewar gaba kuwa tana jin man da ake sawa a wurin, wanda ya fi haɗe-haɗen kayan mata da ake cusawa suna ƙona fata. Tun da ƙashi yana saurin rauni bayan istrojin ya ragu, nakan shawarci mata da ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu, da cukun wagashi da nono da zogale da miyar kuka, da tafiyar ƙafa kullum, su kuma lura ko shito mai yaji da shayi mai zafi suna tayar musu da gumin.

Maganar iska da ta fito daga bakin malamanka ka kashe ta tun yanzu. Mu nan Ghana mun san inda irin wannan zargi yake kai mata masu shekaru, domin sansanonin da ake kora su bisa zargin maita, kamar na Gambaga, suna nan a arewa. A Zango abin bai cika kai haka ba, amma mace da aka ce tana da iska, ko an yi mata sammu, ko kishi ne ke damunta, mutuncinta ya riga ya taɓu, kuma na ga auren da ya mutu saboda miji ya fassara gudun shimfiɗa da ƙiyayya alhali zafi take ji. Mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gaskiya ne cewa mata ne za su fi kai wa juna wannan ilimi a makarantun Islamiyya na matan aure da taron adashi da gidajen suna. Amma maza ne suke riƙe da kuɗin asibiti da mumbari da takardar sallama, saboda haka ba su da uzurin rashin sani. Addini bai ɓoye batun ba, domin Alƙur'ani ya ambaci matan da suka daina haila a Suratuɗ Ɗalaƙ, inda ya sanya iddarsu wata 3. Mata da yawa a wannan lokaci suna ruɗewa kan salla da azumi saboda jinin da ya rikice, kuma a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15. Malamin da aka kawo wa irin wannan tambaya zai yi babban taimako idan ya ba da hukuncin sallar sannan ya ƙara da cewa jinin da ya daɗe haka a kai shi asibiti.

Malamarka ma tana da sa'a, domin tana da shugaba da jadawali da za a iya gyarawa. Akasarin matanmu suna aiki ne inda babu ofis: mai waakye (shinkafa da wake) da ke kan wuta tun ƙarfe uku na dare, mai koko da ƙosai, mai ɗinki, mai rumfa a kasuwar Kejetia ko ta Asawase da sai ta biya kuɗi ta bi layi kafin ta shiga banɗaki. Ranar da ba su fita ba babu ciniki, saboda haka zuwa asibiti asara ce biyu. Waɗannan sai dai a kai musu ilimin inda suke, ta hannun magajiyoyi da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa. A nan makarantarka za ta iya yin wani abu, tun da iyayen ɗalibanka su ne waɗannan mata. Ranar 18 ga Oktoba ce ake tunawa da batun ɗaukewar al'ada a duniya kowace shekara. Ka gayyato ma'aikaciyar jinya ko ungozoma daga asibitin da ke kusa a wannan mako, ta zo da na'urar auna hawan jini da suga, a ware aji guda ga malamai mata da iyaye mata bayan an tashi, ku maza ku bar musu wurin. Sannan a wani zama na dabam a tara malamai maza da iyaye maza na rabin awa, a yi musu bayanin da na yi maka, kuma ka tabbatar mai makaranta yana zaune a ciki kafin ƙarshen shekara ya zo.